Jitar da Ta Ƙi Saituwa

Jita tana da tsirkiya shida da kunnuwa shida, kuma kusan kowace wayar zamani tana iya ɗaukar manhajar da za ta nuna maka tsirkiyar da ta hau da wadda ta sauka. A ido babu abin da ya kai saita ta sauƙi. Ka kaɗa, ka murɗa kunne, allura ta tsaya a tsakiya, ka wuce ta gaba. Sai dai akwai wata matsala da take jiran mai koyo a daidai lokacin da yatsunsa suka fara yin kanta, ya soma haɗa sauti uku ko fiye a bugu ɗaya, abin da masu jita ke kira kod. Zai ji wani kod ɗin ya zauna lafiya lau, wani kuma yana da ɗan tsami-tsami, alhali bai taɓa kunne ko ɗaya ba.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini wannan ƙorafi. Ma'aikacin jinya ne a Kano, kuma bai taɓa sha'awar zama makaɗi ba. Kiɗan 'yan Agadas ne ya shiga ransa, irin na su Bombino da Mdou Moctar, har ya je Sabon Gari ya sayo jita ta hannu mai tsirkiyar ƙarfe, yana ɗan taɓawa bayan isha'i don ya sauke gajiyar asibiti. Da na kwana biyu ban ji ya ambace ta ba sai na tambaya, ya ce tana saman kwaba.

"Kawu, ni fa ba ni da kunnen kiɗa. Waya ta ce komai daidai, ni kuma ina jin ba daidai ba. In na gyara yadda nake jin daɗinsa, waya ta ce na ɓata. To ɗayanmu ne ke da matsala, kuma na san ba waya ba ce."

Maganar ta tsaya mini a rai. Mutane da yawa suna ajiye jita saboda zafin yatsa, wannan kuwa lokaci ne maganinsa. Amma wanda ya ajiye ta don ya yanke wa kansa hukuncin cewa kunnensa ne ya gaza, da wuya ya sake ɗauka, domin yana ganin halittarsa ce haka. Na ce ya sauko da ita ya kawo mini, ruwa ba ya tsami banza.

Ya zauna ya saita ta a gabana, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Allura ta tsaya cak a kowacce. Ya kama kod ɗin G ya kaɗa, ya ɗago ya dube ni. Na ji abin da yake ji. Can sama-sama a cikin sautin akwai wata kyarma mai sauri da ta hana kod ɗin kwanciya. Ya kai hannu kunnen tsirkiyar B ya sassauta ta kaɗan, ƙasa da abin da ido zai gani, ya sake kaɗawa. Kyarmar ta ɓace, G ya fito garau. Daga nan ya koma kod ɗin D, sai ga shi ya yi tsami fiye da da. Ya gwada E, shi ma haka. Ya mayar da B inda waya take so, D ya gyaru, G ya koma kyarmarsa. A kod ɗin E kuma wani abu ya rage: sautin da ke firet na farko a tsirkiyar G yana jin kamar ya ɗan zarce. In ya sassauta tsirkiyar G don E ya yi daɗi, sai kod ɗin C da na G su lalace. Firet dai su ne 'yan ƙarafan nan da aka gindaya a wuyan jita, inda ake danne tsirkiya.

Abin da muka fara zargi shi ne tsirkiyoyin. Tun da ya sayi jitar bai canja su ba, sun yi baƙi, gumi da ƙura sun shige tsakanin naɗinsu, ƙarƙashinsu kuma firet ya ci. Tsirkiyar da nauyinta ya bambanta daga wani sashe zuwa wani ba ta kaɗawa daidai, don haka tana iya zama daidai a sake, a danne kuma ta kauce. Muka sa sababbi, muka bar su suka gama miƙewa, domin sabuwar tsirkiya takan yi ta sauka a kwanakin farko. Sauti ya washe ƙwarai. Rikicin G da D kuwa yana nan inda muka bar shi, har ma ya fi fitowa fili tunda yanzu babu dusashewar da za ta rufe shi.

Sai muka koma kan hannunsa. Na sa ya danne firet na biyu a tsirkiyar G a hankali, yana kallon allura, sannan ya ƙara ƙarfi. Allurar ta tafi dama. Dalili a fili yake: in ka danne tsirkiya har ta taɓa katako, ka ja ta ke nan, tsirkiyar da aka ja kuwa sautinta hawa yake yi. Sabon mai koyo yakan shaƙe wuyan jita da dukkan ƙarfinsa don tsoron kada sauti ya mutu. Na nuna masa ya riƙa ajiye yatsa dab da bayan ƙarfen firet, da ƙarfin da zai isa sauti ya fito kawai. Wannan ya rage wani kaso na tsamin. Amma tsirkiyar G da ta B a kod ɗin G duk a sake suke, babu yatsan da ke kansu, kuma a tsakaninsu kyarmar take. Yatsa ba zai ɗauki laifin tsirkiyar da bai taɓa ba.

Saura jikin jitar. Lokacin hunturu ne, damshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, masu ƙera jita kuwa wajen kashi 45 zuwa 55 suke so. Katakon wuyan ya tsuke har bakin ƙarafan firet ya fito yana kartar hannu. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kusan kilo 70 dare da rana, wannan wuyan kuma ya ɗan lanƙwasa, tsirkiyoyin sun yi nisa da firet. Muka kai ta wurin wani dattijo da ke gyaran kayan kiɗa a Sabon Gari.

Na so a ce duk mai koyo ya ga yadda mutumin nan ya yi aikinsa. Ya ɗaga jitar ya kafa ido ɗaya ta kan wuyanta daga sama zuwa ƙasa. Ya sa makulli ya ɗan ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, kwata-kwatan juyi, yana tsayawa yana dubawa. Ya zare farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki, wato katakon da ke riƙe da gindinsu a jikin jitar, ya goga gindinsa a kan takardar yashi da ya shimfiɗa a kan gilashi, har tazarar tsirkiya mai kauri da firet na 12 ta sauko wajen milimita biyu da rabi. Ya zurfafa ramukan ƙashin sama, wanda tsirkiyoyi ke bi ta kansa kusa da kunnuwa, da siririyar zarto, domin in sun yi tudu, sautukan firet na farko da na biyu duk sai su zarce. Sannan ya yi gwajin da ya kamata kowa ya iya: firet na 12 yana tsakiyar tsirkiya, don haka sautinsa dole ya zama ninkin sautin tsirkiyar a sake. In ya zarce, tsirkiyar na bukatar ƙarin tsawo, in ya gaza, a rage mata. Ya nuna wa yaron cewa ƙashin jakin a karkace aka dasa shi da gangan, ɓangaren masu kauri ya fi ja baya, saboda tsirkiya mai kauri da tauri ta fi hawa in an danne ta. Wurin tsirkiyar B ma an ɗan fafe shi baya, don ita ce mafi kauri cikin waɗanda ba a naɗe ba.

Jitar ta fito kamar sabuwa, kowace tsirkiya ta ci gwajin firet na 12. Yaron ya kama G ya kaɗa. Kyarmar tana nan.

"Baba, har yanzu fa akwai abin nan."

Dattijon bai yi musu ba. Ya shiga ciki ya ɗauko tasa jitar, mai tsada, wadda ya shekara da shekaru yana kula da ita, ya saita ta da na'ura ya miƙa masa. Kyarma iri ɗaya, a wuri ɗaya, da sauri ɗaya.

"Ɗana, jita ba ta saituwa duka," in ji shi. "Lallashinta ake yi."

Wannan ne ya sauya mana alƙiblar bincike. Tunda jita biyu da ba su haɗa maƙeri ba, ba su haɗa kuɗi ba, suna da aibi guda, to aibin ba na katako ba ne. Mun wanke tsirkiya, mun wanke yatsa, mun wanke hunturu. Abin da ya rage shi ne mu cire firet da waya gaba ɗaya daga maganar, mu saita jitar da kunne zalla, mu ga ko za ta yarda.

Kafin nan sai an fahimci abu biyu. Na farko, sauti kaɗawa ne. Tsirkiyar A tana kai da komo sau 110 a sakan ɗaya. Amma ba a dunƙule kaɗai take kaɗawa ba. A lokaci guda rabi-rabinta na kaɗawa sau 220, kashi uku-ukunta sau 330, kashi huɗu-huɗu sau 440, kashi biyar-biyar sau 550, haka har sama. Duk waɗannan suna cikin sautin da muke ji a matsayin A guda. Ana iya ware su: ka ɗora fatar yatsa a kan tsirkiya ba tare da ka danne ba, ka kaɗa, ka ɗauke yatsan. A saman firet na 12 za ka sami siririn amo mai ninki biyu, a na 7 mai ninki uku, a na 5 mai ninki huɗu. Abu na biyu shi ne kyarmar kanta. In sauti biyu suka yi kusa amma ba su zama ɗaya ba, kunne yana jin ƙarar na ƙaruwa tana raguwa, kuma yawan wannan a sakan shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Mai 440 da mai 443 za su yi kyarma sau uku a sakan. Sautuka biyu mabambanta suna daɗi tare ne in ɓoyayyun amonsu sun faɗa a kan juna daidai, hakan kuwa yana faruwa ne in lissafin da ke tsakaninsu mai sauƙi ne: 2 bisa 1, 3 bisa 2, 4 bisa 3, 5 bisa 4. Tun zamanin Faisagoras na ƙasar Girka, ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ake danganta daɗin sauti da irin waɗannan alƙaluma.

Muka karɓi A kaɗai daga waya, 110, muka kife wayar. Amon firet na 5 a tsirkiyar E mai kauri muka daidaita da amon firet na 7 a tsirkiyar A, muna murɗawa har kyarma ta yi sanyi, ta yi sanyi, ta tsaya. Duka biyun sun haɗu a 330, wato E tana 82.5. Muka yi haka tsakanin A da D, sannan D da G. Kowanne mataki 4 bisa 3 ne tsantsa, babu ko alamar kyarma. Tsakanin G da B tazarar ta bambanta, 5 bisa 4 ce, don haka muka nemi amo mai ninki biyar a tsirkiyar G, wanda yake wajen firet na 4. A nan yaron ya lura da wani abu da ya ajiye a ransa: amon bai fito a saman ƙarfen firet ɗin ba, sai da ya ja yatsa baya kaɗan. Muka daidaita shi da amon firet na 5 a tsirkiyar B. Daga ƙarshe B da siririyar E, 4 bisa 3 kamar sauran.

Matakai biyar ke nan, kowanne kunne ya shaida babu aibi. Gwaji ɗaya ya rage. Siririyar E dole ta zama ninki huɗu na E mai kauri, wato ta yi daidai da amon firet na 5 na mai kaurin. Ya kaɗa su tare.

Wau-wau-wau-wau. Kyarma ƙarara, mai nauyi, wadda har ana iya ƙirga ta, wajen sau huɗu a sakan. Ya ɗauka kuskure muka yi a hanya, muka sake daga farko, ta dawo yadda take. Babu yatsan da ya danne komai, babu firet da ya shiga, babu waya.

Na ce ya ɗauko takarda. Daga 82.5, in ka hau da 4 bisa 3 ka sami 110. Ka sake, 146.67. Ka sake, 195.56, ita ce G. Ka hau da 5 bisa 4, B ta zama 244.44. Ka hau da 4 bisa 3, siririyar E ta tsaya a 325.93. Amma ninki huɗu na 82.5 shi ne 330. Bambancin huɗu ne da ɗoriya kaɗan, daidai kyarmar da muka ƙirga da kunne. In aka bar alƙaluman a guntu-guntu abin ya fi fitowa: 4 bisa 3 sau huɗu ya ba da 256 bisa 81, a ninka da 5 bisa 4 ya zama 320 bisa 81, alhali ana bukatar 324 bisa 81 kafin a cika huɗu. Giɓin 81 bisa 80 ne. Masana kiɗa sun san shi tun zamanin Girkawa, har suna jingina shi ga wani masaninsu mai suna Didimus. Girmansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tazarar firet guda.

Yaron ya daɗe yana kallon takardar. "Kawu, wato ko wa ya ƙera jitar, haka za ta yi?"

Haka za ta yi, kuma dalilin bai wuce lissafin firamare ba. Ninkin sauti na tafiya ne da 2, sauran tazarori masu daɗi na tafiya da 3 da 5. Ko sau nawa ka ninka 3 da kansa mara ce za ta fito, ko sau nawa ka ninka 2 kuma cika ce, ba za su taɓa haɗuwa ba. Inda suka fi kusantar juna a cikin ƙananan alƙaluma shi ne 3 sau goma sha biyu, 531,441, da 2 sau goma sha tara, 524,288. Wannan kusancin ne ya sa ake da matakai 12 a cikin ninki guda, ɗan abin da ya hana su haɗuwa kuma shi ne ya hana masu kiɗa barci ƙarni da ƙarni.

Tambaya ta gaba ita ce: tunda waya tana nuna komai daidai, kuma E biyun suna haɗuwa in an bi ta, ina ta kai giɓin?

Amsar tana cikin tarihin firet. A da, firet igiyar hanji ce da ake ɗaurawa a wuyan kayan kiɗa, makaɗi na iya matsar da ita. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya yi bayanin wuraren ɗaura su a wuyan udu a littafinsa Kitabul Musiƙal Kabir. Sai dai firet guda yana ratsa dukkan tsirkiyoyi, in ka matsar da shi don ya gyara sautin tsirkiya ɗaya, ka ɓata na maƙwabciyarta. Shi ya sa masu kayan kiɗa irin wannan suka riga masu molon Turawa mai madannai karkata ga mafita guda: a mai da dukkan matakai 12 girmansu ɗaya, kowace tazara ta ɗan saki haƙƙinta. A 1581 Bincenzo Galilei na Italiya, mahaifin Galileo masanin taurari, ya rubuta cewa a raba tsawon tsirkiya kashi 18 a dasa firet a kashi na farko, a raba abin da ya saura kashi 18 a dasa na biyu, haka har ƙarshe. Dabarar ta kusa ƙwarai. A 1584 wani ɗan sarautar gidan Ming a ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da ainihin adadin ta amfani da babban allon lissafi mai 'ya'yan carbi: lambar da in ka ninka ta da kanta sau 12 za ta ba ka 2 cif, wato 1.05946 da 'yan kai. Simon Stebin, masanin lissafi a ƙasar Holan, ya kai ga wannan tunani kusan lokaci guda. Daga wannan lamba aka sami 17.817, wadda masu ƙera jita ke raba tsawo da ita a yau a madadin 18.

Muka ɗauko tef ɗin awo. Daga ƙashin sama zuwa firet na 12 milimita 324, wato tsawon tsirkiyar 648. A raba da 17.817, firet na farko ya kamata ya zauna a 36.4, kuma a nan muka same shi. Sannan muka koma kan abin da yaron ya lura da shi. Kashi ɗaya cikin uku na 648 shi ne 216, firet na 7 yana 215.5, rabin milimita ne tsakaninsu. Kashi ɗaya cikin huɗu 162 ne, firet na 5 yana 162.5, nan ma rabin milimita. Amma kashi ɗaya cikin biyar 129.6 ne, firet na 4 kuwa yana 133.7. Milimita huɗu cur. Ga giɓin nan a kwance a kan katako, ana iya ɗora farce a kansa.

Don a iya kwatanta irin waɗannan ƙananan bambance-bambance, wani Bature ɗan Ingila, Alekzanda Ellis, ya ƙirƙiro ma'auni a shekarun 1880 wanda ya raba tazarar firet guda kashi 100, kowane kashi ana kiransa sent. Shi ne ma'aunin da allurar waya ke nunawa. Giɓinmu sent 21.5 ne. Ga yadda saitin waya ya raba shi a kan tsirkiyoyin jita: E zuwa A ta ɗauki kusan sent 2, A zuwa D 2, D zuwa G 2, B zuwa E 2. Takwas ke nan. Sauran kusan 14 duk an jibga su tsakanin G da B. Kamar watanda ce da nama ya gaza, aka tsakuri ɗan kaɗan daga kashi huɗu yadda masu su ba za su ma lura ba, kashi na biyar kuma aka yanke masa tsoka guda.

Yanzu kowace alama ta sami bayani. A saitin waya G tana 196, B tana 246.94. Ninki biyar na G 980 ne, ninki huɗu na B kuma 987.8. Ya kamata su haɗu, sun saɓa da kusan takwas, ita ce kyarmar nan mai sauri da ke saman kod ɗin G. Da yaron ya sassauta B da kunnensa, sent 14 ɗin nan ya cire, ya mayar da tazarar 5 bisa 4 ta asali, ba tare da ya taɓa jin labarinta ba. Amma a kod ɗin D, tsirkiyar B a firet na 3 ita ce ke ba da ninkin D, ninki kuwa ba ya yafe ko kaɗan, sai ya yi tsami. A kod ɗin E, B a sake tana riƙe da tazarar 3 bisa 2, ita ma ta faɗi. Sautin da yake jin ya zarce a firet na farko na tsirkiyar G kuma, shi ne ke riƙe da tazarar 5 bisa 4 a kod ɗin E, don haka shi ne mai ɗauke da ƙarin sent 14 a can. Kowane kod irin su G, C, D da E yana da irin wannan sauti a cikinsa. Abin da ke bambanta su shi ne tsirkiyar da ya faɗa a kai, da yadda yake fitowa fili.

Na gaya masa a fili cewa waya ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Waya tana auna yarjejeniyar da aka ƙulla don jita ta iya kiɗa daga kowane sauti aka fara, shi kuma yana jin abin da aka sadaukar kafin a ƙulla ta. Mutane da yawa suna shekaru da jita ba su taɓa tsinkayar sent 14 ɗin nan ba, don kunnensu ya saba. Wanda ya ji shi tun a watanninsa na farko, har ya iya gyara shi da hannu, ba shi ne za a ce ba shi da kunne ba. Ina ganin wannan ne amfanin ilmin ƙa'idojin kiɗa ga mai koyo don nishaɗi, wanda ba jarrabawa zai rubuta ba: ya san abin da zai gyara da abin da zai haƙura da shi.

Kayan kiɗanmu na gida ba su san wannan rigima ba. Garaya, gurmi, molo, goge, kukuma, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya tal, duk babu firet a jikinsu. Makaɗi yana ajiye yatsa ne inda kunnensa ya natsu, in muryar mawaƙi ta ɗan karkata ya bi ta. Kuma ba sa tara sauti shida su yi ta sauya su daga wannan kod zuwa wancan. Masu jitar Agadas da yake sauraro ma galibi a kan sauti guda suke kafa gindin kiɗa, babban yatsa na maimaita shi, sauran yatsun na zuba karin a sama. A irin wannan salo tazarar 5 bisa 4 ba ta cika tsayawa ta daɗe har kyarmarta ta dami kunne ba. A jitar lantarki da aka ƙure wa ƙara kuwa kyarmar ninkuwa take yi, shi ya sa masu kiɗan rok suka saba da kod mai sauti biyu kacal, tushe da 3 bisa 2, su bar na ukun a waje.

Akwai waɗanda suka ƙi haƙura. Wani makaɗi ɗan Turkiyya, Tolgahan Cogulu, ya tsara jita a 2008 wadda kowace tsirkiya take da 'yan guntayen firet nata da ake iya turawa gaba ko baya, don ya kaɗa karin waƙoƙin ƙasarsu. A Suwidin akwai masu ƙera firet masu lanƙwasa, kowace tsirkiya da inda nata ya karkata. Mawaƙin Amurka James Taylor kuma ya bayyana cewa yakan saukar da kowace tsirkiya da 'yan sent kaɗan ƙasa da abin da na'ura ta ce, kowacce da adadinta.

Mu dai ga abin da muka tsayar. Zai riƙa saiti da waya, ba da amon firet na 5 da na 7 a jere ba, domin wannan hanya tana tara sent bibbiyu har su zama matsala a ƙarshe. In babu waya, ya ɗauki tsirkiya ɗaya ya gwada dukkan sauran da ita, kada kowacce ta gaji kuskuren ta gabanta. Kod ɗin G zai kama shi da yatsa huɗu, ya danne tsirkiyar B a firet na 3, sai B ta sama ta fita daga kod ɗin, D ta maye gurbinta, kyarmar ta ragu ainun tunda B ɗaya ce ta rage can ƙasa a tsirkiyar A. In waƙa duk a G da C take zagaye, yana iya saukar da tsirkiyar B sent uku ko huɗu, abin da zai sanyaya G ba tare da D ya yi kuka ba. In kuma yana son ya ji kod ɗin da babu kyarma ko kaɗan, ya saukar da E biyun zuwa D, A zuwa G, jitar ta zama D, G, D, G, B, D. A wannan saiti tsirkiyoyin a sake kod ɗin G ne da kansu, yana iya sassauta B har sent 14 ɗin duka, kuma in ya shimfiɗa yatsa ɗaya a firet na 5 ko na 7, C da D za su fito da tsabta iri ɗaya, domin duk tsirkiyoyin tare suke hawa. Jitar kuma ta bar saman kwaba ta koma cikin jakarta, da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu mai huji, har hunturu ya wuce.